Ramin jima ba ya rufa wa kowa asiri

Duk wanda ya taɓa kai kaya ƙetaren iyaka, daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato ko Kano, ya san takardun can da Ingilishi ake rubuta su, kamar yadda ake rubuta na nan da Faransanci. Ɗan kasuwar Adar ya daɗe da sabawa da wannan hali: ya kwana a ƙasar harshe ɗaya, ya wayi gari a ƙasar wani, alhali cinikin kansa da Hausa ake ƙulla shi. To, cikin kalmomin da ke bisa waɗannan takardu akwai wata ƴar gajeruwa mai haruffa huɗu, wadda ta cancanci mai karatu ya tsaya a kanta. Ana rubuta ta «hide», ana faɗin ta kamar «hayid». Idan ta zo da ma'anar aiki, nufinta ɓoyewa. Idan ta zo da ma'anar suna, nufinta ƙirgi, wato fatar babbar dabba kamar sa ko raƙumi. Rubutu ɗaya ne, lafazi ɗaya ne, sai dai abin da ke kewaye da ita cikin magana shi ke nuna wadda ake nufi.

Bahaushe ba zai yi mamakin irin wannan ba, domin shi ma yana da tasa. Kalmar «fata» a rubuce tana iya zama ta jikin akuya, tana iya zama ta alheri da ake yi wa matafiyi. Amma a baki kunne na raba su, saboda ta dabba muryarta na sauka a ƙarshe, ta alheri kuwa muryarta na tsayawa sama. Ta Ingilishi ba ta da wannan mafita. Masanan harsuna da yawa na ganin ma'anonin nan biyu ƴan gida ɗaya ne, sun fito daga wani tsohon tushe mai nufin lulluɓewa, wanda daga gare shi ne Jamusawa suka samu «Haut», sunan fata a harshensu, Latinanci kuma ya samu «cutis». Hankali ma zai yarda da haka: fata ita ce mayafin farko da Allah ya yi wa kowace dabba, ita ke rufe tsoka da jini da ƙashi daga ido da ƙuda da rana.

Ingilishi bai tsaya ga kalma ɗaya ba. Yana da «skin», wadda ya aro daga mutanen arewacin Turai da suka mamaye gaɓar Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce; a bakin ƴan kasuwa ita ce fatar ƙaramar dabba, akuya ko tunkiya. Saboda haka ne ake ganin «hides and skins» a saman takardu, abin da Bafaranshe ke kira «cuirs et peaux», Bahaushe kuma ya ce ƙiraga da fatu. Yana da «pelt», fatar da ba a raba ta da gashinta ba. Yana da «leather», wadda ta riga ta sha jima. A ɓangaren ɓoyo kuma, bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, sai harshen ya cika da kalmomin aro, ciki har da «conceal» da «cover», waɗanda ma'aikacin da ya yi lakwal zai gane danginsu a «celer» da «couvrir». Akwai kuma «smuggle», wadda ba ta bukatar tafinta a kan iyaka, domin ita ce Bahaushe ya lanƙwasa ta koma sumoga. Har ma Baturen Ingila in ya yi wa yaro barazanar duka yakan ce zai jeme masa ƙirgi, kuma saniyar da fari ya rame ta har fatarta ta manne wa ƙashi yana ce mata «hidebound», sunan da yake ba mutumin da kansa ya ƙi karɓar sabon tunani.

Hausa ba ta gaza ba a wannan fage, ta ma fi yalwa. Akwai ƙirgi, akwai ƙilabo wanda aka jeme, akwai buzu na salla, akwai walki na manomi da maƙeri, akwai salka da wasaki na ruwa, akwai taiki da burgami da zabira da gafaka da kube da tandu. In mai karatu ya lura, galibin waɗannan abubuwa aikinsu ɗaya: a zuba wani abu ciki a rufe. Gafaka na rufe littafi, kube na rufe kaifin wuƙa, zabira na rufe kuɗi, baduku kuma na ɗinke laya cikin jar fata yadda ko mai ita ba ya sake ganin abin da aka rubuta. Ashe dangantakar da Ingilishi ya ajiye cikin kalma ɗaya, Bahaushe ya ajiye ta cikin kayan ɗakinsa.

A Dogarawa, kan babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta bi ta Tsarnawa da Malbaza ta nufi Galmi da Madawa, akwai wani dattijo da ya yi rayuwarsa cikin sayen fata. An fi sanin wannan yanki da albasar Galmi da sumuntin Malbaza, amma kowace ranar kasuwa mahauta na yanka, kuma kowace dabba da aka yanka ta bar rigarta. Dattijon nan yana da yara masu bi masa kasuwannin ƙauye, daga kwarin Magiya har Badagishiri ta wajen Illela. A nan ma sai an yi hattara da suna, domin Illela biyu ce: akwai ta Nijar a arewa, ta hanyar Tawa, akwai ta Nijeriya da ke fuskantar Ƙonni, ƴan kilomita kaɗan bayan iyaka. Daga ta farko fata ke fitowa, ta biyun kuma ita ce ƙofar da take bi zuwa Sakkwato da Kano. Dattijon bai yi lakwal ba, bai yi boko ba, amma in ya shafa fata da tafin hannu ya shinshina ta, yakan faɗi ko a inuwa ta bushe ko a rana.

Wata shekara, bayan babbar salla, fata ta yi yawa har ta fi ƙarfin idonsa. Ya karɓi ɗaurin da yaransa suka kawo ba tare da ya kwance kowane ba, ya haɗa lodi ya tura wa wata masana'antar jima a Kano. Da kuɗi suka dawo, sai suka dawo da giɓi babba, tare da takarda mai layi-layi da Ingilishi. Ya kira ɗan ƙanensa, wanda ke koyar da Ingilishi a kwaleji, ya miƙa masa.

Saurayin ya duba ya ce: «Baba, sun kasa kayanka kashi huɗu. Akwai lamba ɗaya, akwai lamba biyu, akwai lamba uku, sai kuma waɗanda suka ƙi karɓa sam. Sun ce da aka jiƙa su, gashi ya zube da kansa, wasu kuma sun huje.»

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya sa yatsa kan kalmar da ya ga ta yi ta maimaituwa, ya ce: «Mushe, wannan fa, mece ce?»

Ya ce: «Ita ce ƙirgi, Baba. Kuma abin dariya, ita ce dai kalmarsu ta ɓoyewa.»

Dattijon ya ce: «Ɗana, ba abin dariya ba ne. Wanda ya sa wa ƙirgi wannan suna bai taɓa tsayawa bakin ramin jima ba. Mutum ke ɓoyo. Ƙirgi ba ya ɓoye komi.»

Maganarsa tana da hujja, kuma duk majemi zai shaide ta. Busasshiyar fata da gashinta takan yi kyaun gani, domin gashi na rufe tabo. Amma aikin jima kansa tonon asiri ne daga farko har ƙarshe. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a sa ta cikin ruwan toka ko farar ƙasa gashi ya saki, a kankare shi, a kankare sauran nama, a sa ta cikin kashin tantabara ta daɗa laushi, kana a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa ta kwana tana sha, a shafe ta da mai, a rina ta da karan dafi in ja ake so. Kafin a kai rabin wannan tafiya, duk tarihin dabbar ya fito fili kamar rubutu a allo. Ga inda kaska ta kafa baki, ga inda ƙirci ya ci, ga zanen ƙaya, ga shaidar wuta da makiyayi ya ɗora a tsakiyar cinya inda fata ta fi daraja, ga inda wuƙar mai fiɗa ta zarce saboda gaggawa. Mafi muni ita ce fatar da aka shimfiɗa a ƙasa cikin tsakar rana: bayanta ya bushe ƙamas kamar faranti, cikinta kuwa da sauran danshi, yana ruɓewa a ɓoye. Tana iya wuce hannu biyar ba wanda ya gane, amma ranar da ta shiga ruwa sai ta narke. Saboda wannan ne ma'aikatan kiwo, tun zamanin Turawa, suke ta kiran a shanya fata a rataye cikin inuwa inda iska ke ratsa ta ko'ina, ko a sa mata gishiri tun tana ɗanya.

Abin da ya faru ga dattijon shi ne, wani cikin yaransa ya sayi fatun da suka kwana cikin zafi da araha, ya cusa su tsakiyar ɗauri, ya rufe sama da ƙasa da masu kyau, ya karɓi kuɗin lamba ɗaya. Kuma a ɗakin ajiya akwai sauran irin wannan ɗauri da ba a tura ba. Nan ne jarrabawa ta zo. Wani abokin sana'a ya ba shi shawara ya kai ragowar kasuwar iyaka ya sayar wa baƙon dillali wanda ba zai sake ganin sa ba, ya mai da hasararsa. Ba abin da ya fi wannan sauƙi, domin yadda aka rufe shi haka zai rufe wani. Dattijon ya ƙi. Ya sa aka kwance kowane ɗauri a tsakar gida, aka ware na ƙwarai gefe, aka ware masu aibi gefe, ya sayar da masu aibin da sunan masu aibi, a kuɗin da bai kai rabin abin da ya biya ba. Yaron kuwa, ya kira shi cikin zaure su biyu, ya nuna masa takardar, suka yi lissafin abin da zai riƙa biya sannu a hankali. Bai kai shi gaban hakimi ba, bai faɗa wa uban yaron ba, kuma da mutane suka tambayi dalilin da ya sa ya daina aiken sa kasuwa shi kaɗai, sai ya ce a bar kaza cikin gashinta.

A rana ɗaya mutum ɗaya ya tona abu ya kuma rufe abu, kuma duka biyun daidai ya yi. A nan ne Hausa ta raba abin da kalmar Ingilishi ta haɗa. Akwai rufin asiri, akwai rufa-rufa. Rufin asiri shi ne a suturta mutum, a rufe talaucinsa ko kuskurensa domin ya samu damar miƙewa. Shi ne abin da kowa ke roƙo safe da yamma, shi ne ake nufi in an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rufa-rufa kuwa ita ce a rufe aibin kaya domin a ci kuɗin wani. Ma'aunin da ke raba su ba shi da wuya: a tambaya, wa zai cutu in abin ya zauna a rufe? In ba mai cutuwa, sutura ce. In akwai wanda zai biya kuɗin abin da bai gani ba, ha'inci ne. Almajirin da ya karanta Risala ya san babin ciniki ya hana ɓoye aibin haja da gauraya mummuna cikin kyakkyawa, kuma mai saye na da ikon mai da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Ba ɗauri kaɗai ake ɓoyo a cikinsa ba. Fatar ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana yawo a duniya da sunan wani. Ayarin raƙuma na ɗaukar jemammiyar fatar akuya daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ratsa Sahara zuwa garuruwan Larabawa na bakin teku, daga can ta shiga jirgi zuwa Turai, inda ake kiran irinta fatar Maroko. Baturen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ba da labarin takalma da jemammun ƙiraga da jajayen fatu da ake kaiwa har Tarabulus. Majemi na Kano, suna na Maroko: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata ta juya ta bi ta Ikko zuwa Ingila, inda masu ɗinkin littattafai na can ke kiran ta da sunan Neja. Abin da suke nema shi ne fatar jar akuya, wadda ake kira ta Maraɗi a wannan gefe, ta Sakkwato a wancan, mai laushi da ƙarfi da kyaun ido, wadda ake yin safar hannu da takalma masu tsada da bangon littafi da ita. Domin kiyaye wannan iri ne aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963, daga baya kuma gwamnati ta kafa kamfanin tattara fata na SNCP da masana'antar jima ta SONITAN, waɗanda ba su ɗore ba. Yau akasarin fatar wannan yanki ɗanya take fita, a jeme ta a masana'antun Chalawa da Sharaɗa a Kano, ta wuce Italiya da Sifen, ta dawo cikin kwali da sunan wani. Ƙiraga da yawa kuma ba su ma isa ramin jima, tukunya suke shiga a ci su ganda, domin masu abinci na kudu sun fi majema biya.

Ɓoyo na uku shi ne na kan iyaka, kuma a nan ne magana ta shafi ma'aikaci kamar yadda ta shafi ɗan kasuwa. Mutanen Ƙonni sun ga rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, sun ga na 2019 zuwa 2020, sun ga na 2023 zuwa 2024, sun kuma ga yadda karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta juya lissafin kowa cikin dare ɗaya. Kowane karo sai hanyoyin daji su buɗe, kaya su bi dare. Ba a musun cewa wani lokaci yunwa ce ke kora mutum daji. Amma fatar da ta ƙetare ba a rubuta ta ba, a idon hukuma kamar ba a taɓa yanka dabbar ba. In an zo lissafin arzikin ƙasa sai a ga sana'ar ƙarama ce, in an zo rabon tallafi ko gina mahauta ko rumfar shanya sai a tsallake ta. Ma'aikacin da ya karɓi na goro ya rubuta ɗari inda ya ga dubu, da ɗan kasuwar da ya miƙa masa, su biyun sun cusa ruɓaɓɓiya tsakiyar ɗauri, sai dai wannan karon wanda aka rufe ƙasa ce baki ɗaya.

Labarin jaki ya isa misali. Da Sinawa suka buɗe ciniki kan fatar jaki, wadda suke dafawa su fitar da wani magani da suke kira «ejiao», sai jakuna suka soma ɓacewa daga ƙauyuka. A 2016 hukumomin Nijar suka bayyana cewa an fitar da jakuna wajen 80.000 cikin wannan shekara, alhali a 2015 ba su wuce 27.000 ba, suka hana fitar da su. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jaki domin fatarsa a nahiyar duka. Doka ta fito, amma doka ba ta da ƙafa, sai wanda aka ba amanar ta ya tsaya. Duk fatar jakin da ta wuce ƙarƙashin buhunan albasa, akwai wata mace a ƙauye da ta koma ɗaukar ruwa a ka, akwai manomin da amalankensa ya zauna. Wanda ya ɓoye ta bai ga fuskarsu ba, amma su ne suka biya.

Dattijon Dogarawa ya yi hasara a waccan shekara, kuma ba wanda ya ba shi lambar yabo. Abin da ya samu shi ne, masu saye a Sakkwato da Kano suka san ɗaurinsa ba ya bukatar kwancewa, har ya zama in kuɗi sun yanke masa ana ba shi kaya da baki. A kasuwar da ba ta da banki sai amana, wannan jari ne da ba ya karyewa ko sefa ta faɗi ko naira ta faɗi. Sana'ar fata kuwa tana da wata falala da sauran sana'o'i ba su da ita: alƙalinta ruwa ne, ba ya karɓar toshiya, ba ya sanin ɗan wane. Mai hatsi na iya gauraya tsakuwa ya tsira, mai man fetur na iya ƙara kananzir ya wuce, amma mai fata ya san rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya, kuma ranar nan tana nan tafe cikin mako biyu ko uku.

Gyaran ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. Mahauci ya fiɗe da hannu da wuƙa mai zagayayyen baki, ya bar gaggawa. Makiyayi ya sa shaidarsa a kunne ko a ƙafa, ya bar tsakiyar jiki. Mai layya ya sa wa fatar ragonsa gishiri ko ya miƙa ta ga wanda zai ba sadaka tun kafin azahar, kada ta kwana cikin leda. Mai tattarawa ya ware lamba ɗaya daga lamba uku, ya kira kowace da sunanta. Ma'aikaci ya rubuta abin da idonsa ya gani. Wanda kuma ya kama ɗan'uwansa cikin kuskure, ya karɓi hakkinsa, ya bar masa mutuncinsa.

Allah ya rufa asirin kowa, ya kuma tsare hannun kowa daga rufe abin da ba shi da hakkin rufewa.